Mu biyar mun haɗa jari a Legas: maganar wa za a bi, kuma yaya za a raba riba?

Ɗan Zangon Agege:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka san kasuwa da waɗanda suka san takarda.

Mu biyar ne, mazauna Agege da Ketu, mun haɗa naira miliyan 6 don mu fara kawo kayan abinci daga Arewa. Zubin bai zo daidai ba. Na farko ya sa miliyan 2 da dubu 400, na biyu miliyan 1 da dubu 500, na uku miliyan 1 da dubu 200, na huɗu dubu 600, na biyar dubu 300. Na biyar ɗin shi ne zai tsaya kan kaya kullum, sauran kowa na da aikinsa. Burinmu nan gaba mu riƙa ƙulla tsintaccen wake a leda da sunanmu, muna kai wa manyan shaguna a Ikeja da Lekki.

Tun ba a sayi ko tiya ɗaya ba mun cije a wuri uku. Mutum biyu sun ce a fara da albasa don ta fi saurin riba, uku sun ce wake. Mai babban zubi ya ce ƙuri'a ta bi kuɗi, sauran sun ce kowa ƙuri'arsa ɗaya. Shi kuma mai tsayawa kan kaya ya ce ba zai sha rana shi kaɗai ba sannan a miƙa masa kashi 5 cikin 100. Kuɗin yanzu suna asusun ɗayanmu. Don Allah a faɗa mana yadda ake yi.

Tsohon Dillali, Mile 12:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya sa albarka. Bari in ɗauki maganar albasa da wake, don ita ce za ta warware muku rabin rigimar ƙuri'a.

Kowane kaya da irin saurin da yake bukata wajen yanke magana. Kayan gwari ba sa jiran taro. Mota ta taso daga Aliero ko Sakkwato, ta biyo Kwantagora, Makwa, Jeba, Ilori, Ogbomosho har Badun, kwana biyu ko uku tana hanya idan ba ta lalace ba. Ta shigo kasuwa da asuba, ta tarar da motoci goma sun riga ta, farashi ya faɗi kafin hantsi. A wannan lokacin mutum ɗaya ne zai ce a sayar ko a riƙe, kuma cikin minti goma zai faɗa. Idan sai ya kira mutum huɗu, ɗaya na gadi a Lekki bai farka ba, ɗaya wayarsa a kashe, to mai saye ya wuce rumfar gaba. Gobe kuma albasar ba ta jiya ba ce. Iskar Legas da laima take, albasa tana shigowa take fara tsiro da ruɓa daga wuya, musamman albasar damina mai ruwa a jiki ko wadda aka cusa a buhu wuyanta bai bushe ba. Guda ɗaya ta ruɓe a tsakiyar buhu, sai ta ja na kusa da ita.

Ribar da 'yan'uwanka biyu suke hange gaskiya ce, amma ba a nan ake yin ta ba. Ana yin ta ne a can gida: a saya lokacin kakar albasar rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, a zuba a rudu inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa ana tsince ruɓaɓɓu, a fitar wajen ƙarshen shekara lokacin da ta yi tsada. Wannan yana son mutum tsayayye a can, da jarin da zai kwanta wata shida ko bakwai, da zuciyar da za ta ga buhu 100 sun ragu sosai ba ta zargi kowa ba. Ku ba ku da ko ɗaya cikin ukun tukuna.

Wake yana ba da lokaci. Amma ku sani mutanen Legas jan wake suka fi so, irin su oloyin da olotu, waɗanda aka fi samowa daga yankin Borno da Yobe. Fari yana tafiya wajen masu ƙosai da alala. Kafin ku aika kuɗi Dawanau ko Potiskum, mai tsayawa kan kaya ya yi mako biyu yana zagaya kasuwannin Mile 12 da Ido da Daleko, ya rubuta farashin kowane iri safe da yamma, ya san wa ke saye da tsaba, wa ke neman bashi.

Lodin farko kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jarinku, wato miliyan 2. Ba ku bukatar tirela guda, wadda ke ɗaukar wajen buhu 300 na kilo 100. Haɗa lodi za ku yi da wasu, ku biya kuɗin mota a kan kowane buhu. A rubuta alamarku a jikin buhu da fenti, a karɓi takardar lodi mai lambar mota da lambar direba. Kuma a lissafa kuɗin buhu tun daga tushe: kuɗin saye, la'adar dillalin can, buhu da ɗinki, dako zuwa mota, kuɗin mota, harajin kasuwa, saukewa, kuɗin ƙasa ko na sito a nan, la'adar dillalin nan. Sababbin shiga suna faɗuwa ne don sun lissafa biyu sun manta bakwai.

Wajen saye a soka buhu da ƙarfen ɗiba sama da tsakiya da ƙasa, don akwai masu sa mai kyau a baki su cusa tsakuwa da tsohon wake a ciki. A ciza ƙwaya. Idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lanƙwasa da sauran ruwa, kuma za ta yi fumfuna a sito. Maganin ƙwari shi ne buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ba ya shigar da iska, a ƙulle kowace leda daban, a ɗora kan katako ba kan siminti ba. Ina roƙonku da Allah kada ku bari wani ya zuba muku maganin feshi a cikin wake. Abinci ne, yara za su ci. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Akawun Obalende:

Baba ya gama da kaya. Ni zan yi maganar ƙuri'a, ƙanena, kuma ina ganin ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure iri ɗaya, wato sun ɗauka duk hukunci ɗaya ne. Ku raba shi hawa uku.

Hawa na ƙasa shi ne na yau da gobe: farashin sayarwa, biyan 'yan dako, wa za a ba kaya. Wannan na mai tsayawa kan kaya ne shi kaɗai, babu ƙuri'a. Abin da za ku yi shi ne ku kewaye shi da iyaka a rubuce. Misali, kada ya sayar ƙasa da kuɗin da buhu ya tsaya muku ba tare da izini ba, kada ya kashe fiye da dubu 50 a rana kan abin da ba a tsara ba, kada ya ba mutum ɗaya bashin da ya wuce buhu 2. Cikin wannan iyaka, ko ya yi kuskure ba a tuhumarsa. Idan za a riƙa tsare shi kan kowace naira 500 da ya rage wa mai saye, zai daina yanke magana, kuma ranar da ya daina kasuwarku ta tsaya.

Hawa na tsakiya shi ne sabon lodi: nawa za a saya, a ina, wane iri. Nan kowa ƙuri'a ɗaya, uku cikin biyar sun isa. Ku sa wa'adi: an tura magana a zauren WhatsApp ɗinku, wanda bai amsa ba cikin awa 24 ya bi rinjaye, kuma ba shi da bakin magana daga baya. Wannan sharaɗin ƙarami ne amma yana kashe fitina mai yawa, don mutumin da ya yi shiru lokacin shawara shi ne ke fin kowa ƙara ranar faɗuwa.

Hawa na sama shi ne abin da zai taɓa uwar kuɗi: cin bashi, kama shago, shigo da sabon mutum, canza sana'a daga wake zuwa wani abu, rushe haɗakar. Nan ne ƙuri'a za ta bi kuɗi, kuma a nemi kashi 75 cikin 100. Ba ni na ƙirƙiro lambar ba, haka dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadar wa muhimman ƙudurori, kashi uku cikin huɗu. Dubi yadda take zama a kanku. Kasonku 40 ne, 25, 20, 10 da 5. Da a ce rinjaye kawai ake nema, na farko da na biyu sun haɗa 65, sai su juya mutum uku yadda suka ga dama. Da 75 kuwa, su biyun ba su isa ba sai sun samu na uku ko na huɗu. Su kuma huɗun nan idan suka haɗu 60 ne, ba za su iya jefa kuɗin mai babban zubi cikin bashi ba da yardarsa ba. Yana iya hanawa, amma ba ya iya tilastawa. A ganina wannan shi ne adalci ga mutumin da ya fi kowa abin asara.

Maganar mai shan rana kuwa, gaskiya gare shi. Aiki daban, jari daban. A yanka masa albashin wata wanda zai shiga cikin kuɗin ɗawainiya, kamar kuɗin mota, kafin a kira komai riba. Daga nan a lissafa. A ce bayan wata uku, an cire komai har da albashinsa, riba ta tsaya dubu 900. A ware kashi 20, dubu 180, a bar shi asusun ko-ta-kwana. Saura dubu 720. Na farko dubu 288, na biyu dubu 180, na uku dubu 144, na huɗu dubu 72, na biyar dubu 36 bayan albashinsa. Kuma riba ba ta tabbata da kallon abin da ke asusu. Sai an ƙirga buhunan da ke sito a kan kuɗin da aka saye su, an rubuta bashin da kuke bi da wanda ake binku. Bashin da ya wuce wata biyu kada a raba riba a kansa.

Wanda ke sayar da kaya kada ya zama shi ke riƙe littafi. Ba zargi ba ne, kariya ce gare shi. Kowace yamma ya tura hoton shafin ranar: buhu nawa suka kwana jiya, nawa suka fita, nawa suka rage. Wani daga cikinku ya je sito ya ƙirga da hannunsa sau ɗaya a mako, a ranar da bai faɗa ba.

Almajirin Idi-Araba:

Allah Ya saka wa Baba da Malam Akawu. Zan ƙara ɓangaren shari'a, don kada a gina abu mai kyau a kan sharaɗi ɓatacce.

Abin da kuke shirin yi sunansa sharika. Ƙa'idar da malamai ba su yi saɓani a kanta ba ita ce asara tana bin jari. Idan aka faɗi dubu 600, mai kashi 40 ya ɗauki dubu 240, mai kashi 5 ya ɗauki dubu 30. Ba ya halatta wani ya ce shi kuɗinsa ba sa ciwon kai, ko a lamunce masa uwar kuɗinsa, ko a yanka masa dubu kaza duk wata ko an samu ko ba a samu ba. Da zarar an yi haka ya tashi daga abokin tarayya ya koma mai ba da bashi da ƙari, wannan kuwa kun san hukuncinsa. Riba kaso ake ambata, rabi ko sulusi ko kashi kaza, ba adadi ba.

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, riba a sharika tana bin gwargwadon jari. Hanafiyya da Hanbaliyya sun yarda a ƙara wa mai aiki kaso. Albashin da Malam Akawu ya ambata, malaman zamani da yawa sun halatta shi da sharaɗin a ƙulla shi a yarjejeniya daban da ta haɗakar, yadda ko an sauke mutum daga aikin, kasonsa na jari yana nan. Akwai kuma hanyar ƙiradi, wadda fataken ƙasar Hausa suka daɗe suna bi: masu kuɗi su ba da jari tsaba, mai aiki ya juya, ya ɗauki kaso na riba kamar sulusi, ba albashi. Idan aka faɗi, masu kuɗi sun rasa kuɗi, shi ya rasa wahalarsa, kuma ba ya biyan komai sai idan an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Ƙiradi ya fi sa mai aiki himma, albashi ya fi ba shi natsuwa idan yana da iyali da kuɗin haya. Ku tambaye shi wanne zai iya rayuwa da shi, sannan ku kai takardar gaban malami ya duba kalma bayan kalma.

Wanda duk ya ce rubutu rashin yarda ne, a karanta masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Zakka kuma kowa a kan kasonsa yake dubawa, idan ya kai nisabi shekara ta zagayo, ɗaya cikin 40.

Ɗan Zangon Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Saura abu biyu. Idan wani ya ce zai fita da kuɗinsa fa, ko Allah Ya yi masa rasuwa? Sannan mu yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yanzu ne ko sai mun kai ga maganar leda?

Akawun Obalende:

Yanzu. Dalili na farko shi ne kuɗin nan da ke asusun mutum ɗaya. Ko shi waliyyi ne, idan ya rasu yau banki bai san ku ba, magada ya sani, kuma asusun zai rufe har sai an kawo takardar kotu.

Hanya biyu ce a gabanku. Rajistar sunan kasuwanci ta fi arha da sauri, amma a doka ku ne kasuwar, kasuwar ce ku. Bashin da ɗayanku ya ci da sunan haɗaka ana iya bin kowannenku har aljihunsa, kuma rasuwar mutum ɗaya tana iya rushe tarayyar idan ba ku rubuta akasin haka ba. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ya fi tsada, yana da cike takardun shekara, amma kason kowa yana rubuce a CAC, kamfanin yana ci gaba ko wani ya rasu, hannun jarinsa ya koma ga magada. Mafi ƙarancin jarin da doka ta sa wa ƙaramin kamfani naira dubu 100 ne. Tunda da burin kai kaya manyan shaguna kuka taso, ni kamfani nake ba ku shawara.

A banki za a nemi takardar CAC, lambar haraji, BVN da NIN na masu sa hannu. Ku ce mutum biyu ne za su sa hannu tare. Ku kula da wurin da ake faɗawa rami: a takarda an ce biyu, amma an ɗora manhajar banki a wayar mutum ɗaya yana tura kuɗi shi kaɗai. Ku nemi tsarin da ɗaya ke shigar da biya, ɗaya ya amince, kuma alat ya riƙa zuwa wa fiye da mutum ɗaya. Idan kuna gudun kuɗin ruwa, ga Jaiz, TAJ da Lotus, duk suna Legas.

Fita kuwa, a rubuta cewa babu mai cire jari a shekarar farko. Bayan nan sanarwar wata uku, a ƙiyasta kasonsa a kan lissafin ƙarshe, a fara tallata wa 'yan ciki kafin bare, a raba biyansa kashi uku cikin wata shida. Idan ba haka ba, mutum ɗaya zai tilasta muku karyar da wake a lokacin da yake arha don a sallame shi. Ku kuma ambaci wanda zai raba gardama tun yanzu, dattijo ɗaya a kasuwa da liman ɗaya waɗanda ku biyar kuka yarda da su. Idan ta fi ƙarfinsu, jihar Legas na da cibiyar sasanta jama'a a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma kyauta take yi.

Hajiyar Daleko:

Ɗana, duk abin da aka faɗa maka daidai ne, sai dai ban yarda da Akawu a kan bashin buhu 2 ba. Wata uku na farko kada a ba kowa bashi, ko rabin buhu. Sabon ɗan kasuwa ana gane shi, kuma waɗanda tsofaffin 'yan kasuwa suka daina ba wa kaya su ne ke fara zuwa masa da fara'a. Ku saye da tsaba ku sayar da tsaba, ko ribar ta yi ƙanƙanta. Kuma kada kaya su bar rumfa don an nuna hoton tiransifa a waya, sai kuɗi sun shiga asusu.

Burinku na leda shi ne ya fi burge ni a duk maganar, kuma ina tsoron kada rigimar kasafi ta binne shi. Haɗaka takan manta abin da ya tara ta, kowane wata uku a rabe riba tas, shekara uku ta wuce ana nan inda aka fara. Ku ba burin nasa kason kamar shi ma mutum ne na shida. Bayan kashi 20 na ko-ta-kwana, a ware wani kashi 10, kada a taɓa shi sai da ƙuri'ar 75 ɗin nan.

Kuma ba sai kun jira inji ba za ku gwada. A ɗauki buhu ɗaya, a ba mata biyu su tsince shi, a auna abin da ya fita na tsakuwa da ƙaiƙayi da hudajje. Idan buhun kilo 100 ya dawo kilo 92, kuɗin buhun gaba ɗaya a kan 92 za a raba, a ƙara ladan tsinta da leda da kuɗin kaiwa. Nan za ku san ainihin kuɗin kilo ɗaya, ku kwatanta da abin da ke kan kanta a shagunan Ikeja. A fara da masu gidan abinci da matan unguwa waɗanda ba su da lokacin tsinta, su ba sa tambayar komai sai tsabta da cikar awo. Manyan shaguna za su nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ita kuwa NAFDAC sai ta zo ta ga wurin da ake ƙullawa, ba ɗakin kwana ba, ba bakin sito ba. Sannan yawancinsu ba sa biya a take, sai bayan makonni, wani lokaci sai kayan sun ƙare. Don haka kada ku kai musu kaya sai kuna da kuɗin da za ku sake lodi biyu ba tare da kun jira su ba.

Su 'yan'uwanka biyu masu son albasa kada a bar su da jin an kayar da su. A rubuta a takarda cewa bayan lodi huɗu na wake za a sake zama kan maganar, a kakar rani, da buhu 10 na gwaji.

Tsohon Dillali, Mile 12:

Hajiya ta yi gaskiya kan bashi. Buhu 10 ɗin ma idan lokacin ya zo, a sa su cikin buhun raga ba na leda ba, kuma a samu mai saye tun motar tana Ilori.